Abin da Kyamara Ta Gani a Hindawiyya

Shekara ashirin da shida ina hawa rufin Jidda.
Na san tsanin da ke yaudarar ƙafa,
na san esin da ke tari kafin ya mutu,
nakan ɗora kunne a jikin ƙarfe
in faɗa maka ciwonsa tun ban kwance noti ba.

Sai ga sanarwa a ƙofar shagon kayan gyara:
aikin gidajen rangwame,
inda ake mayar wa mai gida wani abu cikin abin da ya kashe
in ya toshe zafi, ya rage shan wuta,
ba a ba kowa sai mai takardar horo.
Na juya tafin hannuna.
Kanta ce kawai, babu hatimi.

Kujerar ajin ta matse ni.
Malaminmu Rakan, sa'an ɗana na uku,
gemunsa bai gama shawarar fitowa ba.
Ya ce: ɗaki mita huɗu da biyar,
taga tana kallon yamma,
wane esi za ka sa, Ammu Hambali?
Na ce, wanda aljihun mai gida ya iya ɗauka.
Aji ya fashe da dariya.
Shi bai yi ba. Ya ɗauki alli.
Ashe babban esi a ƙaramin ɗaki
kamar raƙumi ne a akurki,
ya tashi, ya kwanta, ya tashi,
ya cinye wuta, ya bar laima a bango.

Ranar gwaji a fili aka ce wa ke da gida.
Na ɗaga hannu da sauri.
Na kai su wurin Inna Tasallah a Hindawiyya,
aikin hannuna ne, shekara tara,
ina so yaran nan su ga yadda manya ke yi.

Rakan ya ɗaga kyamara mai ganin zafi.
Bango shuɗi, shuɗi, shuɗi,
sai ga jan layi ya kewaye esina
kamar bakin murhu.
Na tuna. La'asar ce, ina sauri,
na cusa kwali a tsagar, na shafa siminti sama-sama.
Shekara tara sanyinta na fita yawo a titi,
ita tana ƙulla gyaɗa a leda, riyal riyal,
tana biya wa unguwa iska.

Ta shigo da shayi mai na'ana'a.
Ta ce musu, Hambali ɗan albarka ne,
bai taɓa karɓar cikakken kuɗi a hannuna ba.
Rakan ya sauke kyamarar a hankali.
Wannan ladabin ya fi mari zafi.

Jarrabawar farko na faɗi da maki huɗu.
Lissafi ne ya kayar da ni, ba sufana ba.
Rumaisa, autata, ta zaunar da ni bayan isha,
tana buga biro a tebur yadda nake yi mata dā:
Baba, sake. Faɗin taga sau tsawonta.
Na sake. Na sake.

Yanzu takardar tana cikin leda a motata,
hotona a jiki, kamar wanda aka kama.
Gidan farko da na rubuta a fom, kun san shi.
Na zaro kwalin, ya zama gari a hannuna,
na cika tsagar da kumfa, na liƙe tagogi,
na auna, na sake aunawa, sannan na sa hannu.

Bayan wata biyu ta tare ni da takardar lantarki,
ta ce ko kamfanin ne ya yi kuskure?
Na ce a'a, Inna, zafi ne dā ya samu ƙofa.
Ta ce, to wa ya buɗe masa?

Shayin yana tururi.
Na kurɓa haka nan, ya ƙona ni,
kafin na buɗe baki.